Yadda Mai Ilimin Larabci Zai Sarrafa Kalmar “Take” a Turanci

Ɗalibin da ya taso da karatun Larabci, ko a makarantun da ke zana jarabawar NBAIS, hukumar karatun Larabci da addinin Musulunci ta ƙasa, ko wanda ya yi digirinsa a Madina ko Alƙahira ko Khartum sannan ya zo Abuja domin a tantance takardunsa a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kafin ya tafi hidimar ƙasa, yakan tarar da cewa dogayen kalmomin Turanci ba su ne suka fi ba shi wahala ba. Doguwar kalma galibi ma'anarta ɗaya ce ko biyu, da an duba ƙamus an gama da ita. Ƙananan fi'ilai ne ke ɗaure kai, kuma “take” yana sahun gaba a cikinsu. An koya wa kowa tun farko cewa “take” shi ne “akhaza” a Larabci, ɗauka a Hausa, kuma hakan daidai ne idan ana batun ɗaukar littafi daga kan tebur. Amma a takardun ofis da jaridu da jarabawar Turanci ta JAMB, wadda dole ce a kan kowane mai zana jarabawar shiga jami'a, sau da yawa kalmar ba ta da alaƙa da hannu ko kaɗan. Kalmomin Larabcin da za su zo a nan an rubuta su da boko ne, kamar yadda muke furta su a zauren karatu.

Abu na farko da za ka ɗora wa kanka shi ne ka daina fassara “take” shi kaɗai. Idan ka ci karo da shi, ka wuce shi tukuna, ka dubi kalmar da ke biye da shi, domin ita ce ke riƙe da ma'anar. Shi dai kamar mai Keke Napep yake, fasinjan da ya ɗauka ne ke faɗa masa inda za a nufa. Wanda ya karanta nahawu bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, tunda ya daɗe da sanin cewa “ragiba fi” so ne, “ragiba an” kuwa ƙi ne, alhali fi'ilin bai sauya ba, harafin da ke binsa ne kawai ya sauya. Haka “da'a lahu” addu'ar alheri ce, “da'a alaihi” kuwa mummunar addu'a. Turanci ma haka yake yi, sai dai ya fi Larabci dogaro da wannan hanya nesa ba kusa ba.

Kafin a kai ga salon magana, akwai wata ma'ana ta yau da kullum da Larabci ke ɓoye wa ɗalibi, Hausa kuwa ta bayyana ta sarai. A ce kana tsaye gaban teburin darakta a Sakatariyar Tarayya, ya sa hannu a kan fayil, ya rufe shi, ya turo maka ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce, “Take this to the registry and bring back the other one.” Idan “akhaza” ne kaɗai a ranka, za ka fahimci cewa ka karɓi fayil ɗin, amma rabin umarnin ya wuce ka. Abin da ya ce shi ne ka kai wannan, ka kawo wancan. Bambancin “take” da “bring” a nan shi ne ainihin bambancin kai da kawo, wato “zahaba bihi” da “ja'a bihi”. Saboda haka idan abu zai yi nesa da mai magana “take” ake faɗa, idan kuma zai zo wurinsa “bring” ne. Da wannan ma'anar kake ce wa direban tasi “Take me to Wuse Market.” Shiga abin hawa ma da “take” ake faɗarsa: “I took the train from Idu to Kaduna,” inda Balarabe zai ce “rakiba” ko “istaƙalla”.

Daga nan sai ka raba maganganun da ke tafe da “take” gwargwadon yadda Larabcinka ke taimakonka a kansu. Akwai waɗanda Larabcin jarida na zamani ya yi daidai da su, kuma su ne mafi sauƙi. “Ittakhaza ƙararan” shi ne “take a decision”, kodayake “make a decision” ma daidai ne, kuma shi ya fi yawa a bakin Amurkawa. “Ittakhaza ijra'at” shi ne “take measures” ko “take steps” ko “take action”, abin da kafofin labaranmu ke kira ɗaukar mataki. “Akhaza bis sa'ar”, ɗaukar fansa, shi ne “take revenge”, sai dai a kula cewa wanda aka rama a kansa “on” ake sa masa. Sai kuma “akhaza bi ainil i'itibar”, wanda ke nufin yin la'akari da abu, Turancinsa “take into account” ko “take into consideration”; a nan harafin “into” ne, kuma kuskure ne a gutsure shi a bar “in”.

Kashi na biyu shi ne inda Larabci ke da fi'ili na musamman ga kowane aiki, Turanci kuwa ya tattara su duka ya ɗora wa “take”. Dubi ƴar takardar da ake liƙawa a jikin ambulan ɗin magani a kemis: “Take two tablets three times daily after meals.” Balarabe zai ce “tanawala”, Bahaushe ya ce sha, kuma daga Hausar ce ake samun masu cewa “drink the tablets”, wanda ba a faɗa a daidaitaccen Turanci. Ko maganin ruwa ne, “take” ake amfani da shi. Hoto kuwa, wanda Larabci ke cewa “iltaƙaɗa suratan”, a nan Hausa ce ta dace da Turanci, domin ɗaukar hoto shi ne “take a photograph”. Rantsuwar kama aiki, wadda muke cewa an sha, Larabawa su ce “adda al-yamin”, ita ce “take the oath”. Tun daga 1999, ranar 29 ga Mayu ce shugaban ƙasar da aka zaɓa ke yin ta, kuma a Dandalin Eagle ake taron. Jarabawa ma ɗalibi “take” yake yi mata ko “sit”, malami ne ke “set” ko “give”. “Write an exam” da ya zama ruwan dare a Najeriya kowa zai fahimce shi a nan gida, amma mai rubuta wa wata jami'a ta Ingila ya fi masa kyau ya tsaya a kan “take” ko “sit”.

Batun lokaci yana buƙatar a ɗan tsaya a kansa. “Istagraƙa” shi ne “take” idan ana maganar tsawon lokacin da abu ke ci, kuma ginin jimlar kusan kullum da “it” yake farawa: “It takes more than an hour to get from Mararaba to the city in the morning.” Larabci ya saba da ɓoyayyen lamiri, fi'ili yakan tsaya da kansa ba tare da an ambaci mai aikin ba, shi ya sa ɗalibin Larabci yakan yar da “it” ɗin nan ba tare da ya lura ba. Turanci bai yarda da hakan ba. Idan za a ambaci wanda abin ya ci wa lokaci, sai a sa shi a tsakiya: “It took me two weeks to get the letter.” Shi kuwa “take your time” ba umarni ba ne na ka ɓata lokaci, ma'anarsa “ala mahlika”, wato ka bi a hankali, babu mai korarka.

Kashi na uku shi ne mafi haɗari, domin a nan Larabcin ne da kansa ke cewa “akhaza”, musamman a bakin waɗanda suka zauna a Masar ko Sudan ko Saudiyya suka saba da harshen kasuwa, amma Turanci ya ƙi “take”. Ana cewa “akhaza mau'idan”, Turanci kuwa “make an appointment” yake cewa ko “book an appointment”. Ana cewa an ɗauki izini, Turanci ya ce “ask for permission” idan ana nema, “get permission” idan an samu. “Akhaza ra'ayahu” shi ne “ask for his opinion”. Makin jarabawa da takardar shaida “get” ake yi musu, saboda haka “I took ninety in the test” kuskure ne. Mura, wadda Misirawa ke cewa mutum ya ɗauki sanyi, “catch a cold” ce. Sannan duk wanda ya karanta babin af'alush shuru'i ya san “akhaza yaktubu” na nufin ya fara rubutu. Wannan aikin “take” ba ya yin sa, “begin” ko “start” ake kawowa. Abin da ya ɗan yi kusa da shi shi ne “take to”, kamar a “He took to reading newspapers”, amma wannan yana nufin abin ya zame masa ɗabi'a ne.

Akwai magana guda da ta cancanci a ware mata wuri, wato “take place”. Babu ɗauka a cikinta, babu kuma wuri. Ma'anarta aukuwa, “waƙa'a” ko “jara”, kuma an fi amfani da ita ga abin da aka shirya, kamar taro ko zaɓe ko ɗaurin aure. Misali: “The movement of the seat of government from Lagos to Abuja took place on 12 December 1991.” Abin kiyayewa shi ne, a matsayinta na dunƙulalliyar magana lazimi ce, ba ta da maf'uli, wato abin da aikin ya faɗa wa, don haka ba a gina ta ga majhuli, wato sigar da ake ɓoye mai aikin. “The meeting was taken place” kuskure ne da ake yawan gani har a rahotannin da aka buga aka sa wa hatimi. Da zarar kuma an saka “the” da “of”, magana ta koma wata: “take the place of” shi ne “halla mahallahu”, maye gurbin wani. Haka “take part in” yake, ba ya karɓar “a” ko “the”, kuma ma'anarsa “sharaka fi”, a dama da mutum a cikin abu, wanda ya zarce halarta kawai. Mutum na iya halartar muhawara ya zauna shiru, wannan “attend” ya yi.

Yanzu sai ƙananan haruffan da ke juya fi'ilin gaba ɗaya. “Take off” yana da fuskoki uku da za ka riƙa haɗuwa da su: tuɓe tufafi ko takalmi, wato “khala'a”, kamar sanarwar da ke cewa “Please take off your shoes”, tashin jirgin sama, wato “aƙla'a”, kamar yadda ake faɗa idan jirgin alhazai ya tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe, da kuma hutun aiki na ɗan lokaci, “take a day off”. “Take over” shi ne karɓar ragama, kuma yana ɗaukar ma'anar “tasallama” ta lumana da ma'anar “istaula ala” ta ƙarfi, mahallin magana ne ke bambancewa: sabon babban sakatare yakan yi shi bayan an miƙa masa takardun barin aiki na wanda ya gada, sojoji ma shi suka yi a 1983. “Take up” ya fi su rassa. Yana nufin fara wani sabon abu ko kama aikin da aka ba ka, “take up an appointment”. Yana nufin cinye wuri ko lokaci. Sannan “take the matter up with the director” na nufin kai maganar gabansa domin a duba ta. “Take on” ɗaukar ma'aikaci ne ko ɗaukar nauyi, “take down” rubuta abin da ake faɗa ne ko sauke abin da aka rataye, “take back” mayarwa ne ko janye magana. Shi kuwa “take after” kamanni ne na jini, a fuska ko a hali, kuma daga ƙarami zuwa babba yake tafiya: ɗa ne ke yin sa ga uba, kamar yadda karin maganar Larabawa ke cewa wanda ya yi kama da ubansa bai yi zalunci ba. Ba a amfani da shi ga mutanen da ba dangi ba.

Inda za a ajiye lamiri a irin waɗannan fi'ilai yana rikita mutane, amma Larabci ya riga ya ba ka mabuɗinsa. Kamar yadda lamiri muttasili ke manne wa fi'ili a “khala'ahu”, haka “it” da “him” da “them” ke bin “take” kai tsaye kafin harafin ya zo: “take it off”, “take them back”, “take it down”. Idan suna ne cikakke, kana da zaɓi, “take off your cap” ko “take your cap off”. “Take after” da “take to” ne ba sa rabuwa, sai dai a ce “she takes after her”. Kyakkyawan ƙamus na masu koyo yakan nuna wanda ke rabuwa da wanda ba ya rabuwa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa bai kamata ka tsaya a kan ƙamusun Turanci zuwa Larabci shi kaɗai ba.

Wanda ya samu aiki a ma'aikata zai ji wasu maganganu kusan kowace rana. Idan shugaban taro ya dube ka ya ce, “Malam, please take the minutes,” ba mintoci yake nufi ba, “mahdar” na taron, wato bayanin abin da aka tattauna, yake so ka rubuta, kuma amsarka “To, yallaɓai” ce, ka jawo takarda da biro. “Take notes” rubutawa ne da hannu, “take note of” kuwa lura ne da riƙewa a zuciya, harafin “s” ɗaya ne ya raba su. Idan takardar sanarwa ta ce “This directive takes effect from Monday,” to daga Litinin za a fara aiki da umarnin. “Take the floor” karɓar damar magana ne a taro, “take turns” yin abu bi da bi, “take sides” goyon bayan ɓangare ɗaya a rigima. “Take someone to task” shi ne tuhumar mutum da kama shi da laifinsa, kuma ya yi kusa ƙwarai da “ākhaza” mai maddi, fi'ilin da ke cikin addu'ar ƙarshen Suratul Baƙara. “Take offence” da “take exception to” duka jin haushin magana ne, sai dai na biyun ya fi dacewa da rubutun hukuma.

A ganina, cikin maganganun da ba a iya gane su daga kalmominsu, biyu ne suka fi cancantar a ba su lokaci, domin kowace tana da fuska mai kyau da maras kyau. “Take advantage of” idan dama ce ta biyo bayansa, cin moriya ne na halal, “intahazal fursa”. Idan kuwa mutum ne ya biyo baya, to ci da guminsa ne ko amfani da rauninsa, “istagalla”. Wanda ya rubuta wa maigidansa cewa yana so ya “take advantage of you” alhali yana nufin ya amfana da iliminsa, ya yi ɓaranɓarama babba. “Take for granted” kuma, idan batu ne, yana nufin ɗaukarsa tabbatacce ba tare da bincike ba, “amrun musallamun bihi”. Idan mutum ne, yana nufin an saba da alherinsa har an daina ganin ƙimarsa. Sauran ba su kai waɗannan nauyi ba. “Take it with a pinch of salt” na nufin kada a gaskata labari duka, “take heart” ƙarfafa zuciya ne, “take it to heart” sa abu a rai har ya dame ka, “take it or leave it” kuwa maganar ɗan kasuwa ce da ya faɗi farashin ƙarshe. “Take the law into your own hands” ya riga ya shigo Hausar rediyo a matsayin ɗaukar doka a hannu, saboda haka ba ya buƙatar sharhi.

Wajibi ne kuma ka rarrabe Turancin titi na Najeriya da wanda mai jarabawa ke nema. “They have taken light” kowa a Kubwa ko Nyanya ya san an ɗauke wuta ke nan, amma a rubuce “there is a power cut” ake so. “Take excuse” ba ya cikin daidaitaccen Turanci. Mafi muhimmanci shi ne “take in”: a nan gida idan aka ce “she has taken in” ana nufin ta samu juna biyu, alhali a Turancin Ingila ma'anoninsa sun haɗa da saukar da baƙo a gida, fahimtar bayani, rage faɗin tufafi, da kuma yaudara. Wannan ba aibata maganar mutane ba ne, kowane wuri da irin bakinsa. Abin nufi shi ne ka san wanda kake yi wa magana.

Hanyar da ta fi amfani wajen riƙe duk wannan ita ce wadda ka riga ka sani daga haddar matani, wato kaɗan-kaɗan tare da maimaitawa. Ka samu ƙaramin littafi, ka raba kowane shafi gida uku. A gidan farko ka kwafi cikakkiyar jimlar da ka tsinta a jarida ko a takardar ofis, kada ka rubuta “take up” tsirara, domin jimlar ce za ta tuna maka ma'anar da harafin da ke tafiya da ita. A gida na biyu ka sa fi'ilin Larabcin da ya dace, a na uku ka sa yadda Bahaushe zai faɗi abin da bakinsa, ko da kalmar ɗauka ba ta fito ba. Bayan kwana biyu ka rufe gidan farko da hannu, ka yi ƙoƙarin dawo da Turancin daga Larabcin, domin ganewa idan an gani ya fi sauƙi a kan samarwa idan ana buƙata, kuma na biyun ake nema a wurin ganawar neman aiki. Ka riƙa juya kowace jimla zuwa sigogin nan uku, “take”, “took”, “taken”, da babbar murya, har “have took” ya riƙa yi wa kunnenka nauyi kamar yadda lahani a i'irabi ke yi masa.

Idan aka zo zauren jarabawa, inda ake ba da jimla a ce ka zaɓi kalmar da ta fi kusa da ma'anarta, ka bi tsarin nan dai: harafi tukuna, sannan abin da ke kewaye da shi. A ce an ba ka “The manager was taken in by the contractor's story,” zaɓin kuma ya ƙunshi “accommodated” da “deceived” da “arrested” da “employed”. Harafin “in” ya fitar da na ƙarshe, domin ɗaukar aiki “take on” ne. Sauran ukun duka “take in” na iya ɗaukarsu a wani mahallin, har da na ƴan sanda idan sun tafi da mutum ofishinsu. Sai ka dubi abin da ya zo bayan “by”, wanda shi ne fa'ilin asali a jimlar da aka gina ga majhuli, ka ga labari ne. Labari ba ya ba mutum masauki, ba ya kuma kama shi, don haka amsar ita ce “deceived”.